Garkar Cikin Gida da Renon Yara a Tarihin Birnin Katsina

Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta a kan tarihin Katsina ya ta'allaƙa ne ga sarauta da yaƙi da fatauci da malanta. Wannan ba abin zargi ba ne, domin su ne al'amuran da suka bar takardu a baya, mai bincike kuwa inda ya ga sawu nan yake bi. A wannan takarda muna so mu ɗan ratse daga wannan babbar hanya, mu leƙa wani lungu da ba a cika kula da shi ba, watau ɗan filin nan na ƙuryar gida inda matar aure take dasa zogale, ta yafa irin yakuwa da alayyafo, ta sa yaranta su riƙa ba su ruwa suna korar awaki. Abin da muke neman nunawa shi ne cewa wannan ɗan fili yana da tarihi, tarihin nasa kuma a ɗaure yake da na birnin baki ɗaya: da faɗin ganuwa, da zurfin rijiya, da dokar haraji, da kulle, da zuwan makarantar boko. Muna kuma ganin maganar ta fi ƙarfin sha'awar masana kawai, tun da yake ta shafi abin da ke shiga cikin ɗan yaye a kowace rana.

Ya kamata tun da fari mu rarrabe kalmomi biyu da akan cakuɗa. Lambu shi ne noman rani na bakin rafi ko fadama, wanda maza suke yi domin kasuwa, da fangali da magudanar ruwa da jigo. Garka kuwa ƙaramin wuri ne da aka kewaye da darni ko ƙaya don tsoron dabbobi. A wasu wurare akan kira lambu ma da sunan garka, amma a nan mun taƙaita kalmar ga shukar cikin gida ko ta kangon da ke jikinsa, wadda yawanci take hannun mata da yara.

Birni mai gonaki a cikinsa

Baƙi biyu daga Turai sun ga Katsina a ƙarni na 19 sun rubuta abin da suka gani. Na farko shi ne Hugh Clapperton, wanda ya ratsa ta birnin a 1824 a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, zamanin Sarki Ummarun Dallaje. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne yadda gidaje ba su cinye fiye da ushirin filin da ganuwa ta kewaye ba, sauran duk gonaki ne da itatuwa. Ya ambaci 'ya'yan itacen da ya tarar, cikinsu har da ɓaure da rumman da lemo, an kuma shaida masa cewa a da akwai inabi da yawa, amma aka sassare shi lokacin da birnin ya faɗa hannun masu jihadi. Na biyu shi ne Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851 ya sake dawowa a 1853, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Shi ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 13 zuwa 14, ya ce mazauna ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, alhali a ganinsa birnin ya taɓa ɗaukar mutum 100,000 a zamanin da yake tashe.

Ana iya yin gardama a kan waɗannan alƙaluma, domin ƙiyasin matafiyi ne da ido. Amma hoton da suka bayar ya yi daidai da abin da Yusufu Bala Usman ya bayyana a littafinsa na 1981 game da sauyin da ya sami ƙasar Katsina: bayan 1807 yaƙi ya daɗe tsakanin sabuwar daula da Katsinawan da suka kafa Maraɗi, fatake da attajirai da yawa suka koma Kano, unguwanni suka zama kangaye. Abin da ya zama hasara ga kasuwa kuwa ya zama yalwa ga mai shuka. Kangon da aka bari shekara da shekaru, da tokarsa da jujinsa da kashin dabbobinsa, babu ƙasar da ta fi shi albarka. Ko kafin wannan ma, birane irin su Katsina da Kano da Zariya da gangan aka faɗaɗa ganuwarsu ta haɗa da gonaki da ruwa, domin in abokan gaba suka yi zobe a sami abin ci a ciki. Sunayen unguwanni kamar Rafindaɗi da Rafukka, da na wurare kamar Lambun Sarki a wajejen Ƙofar Marusa, suna nan suna tuna mana cewa ruwa da shuka tsofaffin mazauna birnin ne.

To amma Clapperton da Barth maza ne, baƙi kuma, iyakarsu zaure. Abin da ke bayan zaure bai shiga littattafansu ba. Akwai kuma wani dalili da ya ɓoye garka daga takardu, shi ne haraji. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, babu zakka a kan ganyaye da 'ya'yan itace irin waɗanda ba a ajiyewa su zama abincin shekara. Sarakuna sun karɓi kuɗin rafi da kuɗin shuka daga masu lambu da masu noman abubuwa irin su rake da taba da albasa, don haka lambu ya shiga lissafin hukuma. Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903 suka haɗe harajin gargajiya, suka shiga auna gonaki da taki, watau takun ƙafa, domin yanka wa kowa abin da zai biya. Malaman taki gonaki suka auna, ba su shiga tsakar gida ba. Saboda haka takin awo ya sami shiga fayil, takin akuya da matar gida take zubawa a gindin kabewa bai samu ba.

Abin da sunayen tsirrai suke faɗa

Inda takarda ta yi shiru, harshe yakan yi magana. Idan muka tsaya a garkar wata dattijuwa a Masanawa ko Gambarawa muka kira sunan kowace shuka, za mu ga ashe tarihin hulɗar Katsina da duniya ne muke karantawa, hawa-hawa kamar ginin tubali.

Hawa na ƙasa shi ne na tsirran da suke 'yan asalin Afirka ko suka daɗe a cikinta tun gabanin tarihi: kuɓewa, yakuwa, rama, lalo, karkashi, gauta, wake, guna, da duma. Wasu daga cikin waɗannan, kamar tafasa da gasaya, ba a ma cika shuka su ba, da kansu suke fitowa da damina, aikin matar gida kawai ta hana a nome su. Wannan hikima ce da masu koyar da aikin gona na zamani suka daɗe ba su gane ba, suna kiran abin da ke ciyar da gida ciyawa. Yakuwa kaɗai ta isa misali: ganyenta na miya ne da fate, ƙoƙon furenta na zoɓo, 'ya'yanta kuma da su ake daddawar batso wadda ta yi suna a ƙasar Katsina da Maraɗi.

Hawa na biyu ya biyo ayarin raƙuma da hanyar hajji. Albasa da alkama da inabi da rumman da lemo duk sunayensu daga Larabci suke, ba su kuwa ɓoye hakan ba. Katsina ta kasance zangon ƙarshe na fataken da ke ƙetaro Sahara ta Agadas a ƙarni na 17 da na 18, kuma Larabawa da Buzayen da suka zauna a birnin sun zo da ɗanɗanon bakinsu. Zogale, wanda a yau muke gani kamar da shi aka halicci gidan Bahaushe, asalinsa ƙasar Indiya ne. J. M. Dalziel, likitan nan da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya kawo cikin sunayensa har da bagaruwar Makka, sunan da ke nuna ta inda mutane suka ɗauka ya ɓullo.

Hawa na uku shi ne na tsirran nahiyar Amurka, waɗanda ba su iya zuwa ko'ina a Afirka ba sai bayan 1492: barkono, tattasai, attaruhu, tumatir, masara, gyaɗa, rogo, dankali, gwanda, gwaba, kabewa da taba. Abin sha'awa a nan shi ne Bahaushe ya jingina wasunsu ga Masar, ya ce masara, ya ce gwandar Masar don ya bambanta ta da gwandar daji, alamar cewa ta gabas ko ta arewa suka iso masa, ba ta bakin teku ba. Hawa na sama kuma shi ne na zamanin Turawa, karas da kabeji da latas, sunayensu har yau da ƙanshin Ingilishi. A wannan zamani ne kuma aka kawo bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, daga Indiya. An fara dasa shi a Barno a 1928, daga baya ya mamaye tituna da tsakar gidaje.

Abin lura shi ne, ba kowane hawa ne ya shiga garka ba. Alkama da albasa da karas da kabeji sun tsaya a lambu, a hannun maza, domin suna son ruwa mai yawa a kan kari, kuma kuɗi ake nema da su. Matar gida ta zaɓi abin da ke da haƙuri: wanda za a tsinka yau ya toho jibi, wanda zai hau darni ko rufin ɗaki bai tare wa kowa hanya ba, wanda za a shanya a daka a ajiye don bazara. Zogale ya cika waɗannan sharuɗɗa duka, shi ya sa baƙo ya zama ɗan gida.

Rijiya, kulle da ƙafar yaro

Ruwan saman Katsina a matsakaiciyar shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Wata takwas ke nan na rani. Garkar damina ba ta da wuya, kowa yana iya yi. Wadda ta cancanci nazari ita ce ta rani, domin ita ce ke nuna dabara. Ruwanta na biyu ne, watau wanda ya riga ya yi wani aiki: na alwala, na wankin hatsi, na ɗaurayar kwanoni, na wankan yara. Shi ya sa a tsofaffin gidaje ba a dasa gwanda ko lemo ko zogale a ko'ina sai a bakin rijiya, ko kusa da madafi, ko inda ruwan makewayi yake bi kafin ya fita ta wuriya. Buta guda ta alwala sau biyar a yini, a gidan da ke da manya shida ko bakwai, ta isa ta rayar da itace.

Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa, 'yan mil kaɗan kudu da birni, a 1967, ta kuma buga littafinta a 1972, ta lura da wani abu da ya shafi maganarmu ƙwarai. Ta ce kusancin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya sa ake iya haƙa rijiya a cikin gida, da kuma yawan jakuna masu ɗaukar kaya, suna cikin abubuwan da suka sa kulle ya yiwu har ga matan talakawa. Wasu masana, irin su M. G. Smith, sun danganta yaɗuwar kulle a ƙarni na 20 da mutuwar bauta, domin matan da suka sami 'yanci sun ɗauki barin aikin gona a matsayin alamar 'yancin. Ko wane bayani muka fifita, sakamakon ɗaya ne: matar da a da take da gayaunarta a bayan gari, ko take fita ɗiban ganye a daji, duniyarta ta koma tsakanin katangu huɗu. Garka ita ce gonar da kulle ya bar mata.

Shari'a kuma ta ba abin ƙarfi. Ciyarwa a kan miji take, dukiyar mace kuwa tata ce. Don haka ganyen da ta shuka ba ya cikin cefanen da maigida ya wajaba ya kawo. In ta zuba a miya alheri ta yi, in ta dafa ta sayar kuɗinta ne. Wannan ya sa garka ta zauna a wani matsayi na musamman, rabi sadaka ga gida, rabi jari.

A nan ne yara suke shigowa. Matar kulle ba ta zuwa kasuwa, babban namiji kuma ba ya shiga gidan wani. Yaro da yarinya da ba su balaga ba su kaɗai ne babu ƙofar da ta rufe musu. Enid Schildkrout ta yi nazarin wannan a birnin Kano daga 1976, ta nuna cewa sana'ar matan kulle kacokan a kan ƙafar yara take tafiya, abin da ta gani a Kano kuwa duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san shi. Mu da muka taso a irin waɗannan gidaje muna iya jero aikin bisa shekaru. Ɗan shekara uku zuwa huɗu aikinsa korar kaji da akuya, da kara a hannu, yana yi yana wasa. Ɗan shekara biyar zuwa shida ana ba shi moɗa ko gwangwani ya ba shuka ruwa da safe kafin a tafi makarantar allo, a kuma aike shi maƙwabta roƙon iri ko ɗan reshe. Yarinya 'yar bakwai zuwa takwas ta iya tsinkar zogale ba ta karya reshe ba, ta iya zage ganye daga tsinke, ta san bambancin rama da yakuwa tun suna kunne biyu, sau da yawa da ƙanenta goye a bayanta. Daga nan sai talla: dafaffen zogale ko rama da ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri da yaji, a ɗora mata a faranti, ta bi gida-gida ko ta zauna a bakin makaranta. Ribar takan tafi adashi, adashi kuma ya zama kwano da tasa na kayan ɗakinta.

Ba mu kawo wannan don mu yi wa talla kirari ba. Illolinta ga karatun 'ya mace da tarbiyyarta sanannu ne, malamai da hukuma sun daɗe suna magana a kai, da gaskiyarsu kuma. Abin da muke cewa shi ne, a tsarin da, garka makaranta ce ta farko. A nan yaro yake fara sanin cewa abin da aka binne yana fitowa, cewa wanda aka manta da shi kwana uku yana mutuwa, cewa kabewar da ta tsallaka katanga ta yi 'ya'ya a gidan maƙwabci tana da hukunci, sai an yi sallama an nemi izini. Da yawanmu gonarmu ta farko ƙwayar wake ce a fasasshen kasko, muna tone ta kullum mu ga ko ta tsira, har kaka ta gaji ta ce mana abin da ake yawan dubawa ba ya girma. Wasan tuwon ƙasa ma da ganyen garka ake yi masa miya.

Akwai kuma ɓangaren ciki. Lokacin yaye, wajen shekara biyu, shi ne mafi hatsari a rayuwar yaro, domin an raba shi da nono an mai da shi ga kunu da tuwo, abinci mai cika ciki amma mai ƙarancin abin gina jiki. Ilimin zamani ya tabbatar da cewa ganyaye masu duhun kore da kabewa da gwanda suna ɗauke da sinadarin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke jawo dundumi da raunin garkuwar jiki, wake da gyaɗa kuma suna cike giɓin da hatsi ya bari. Kakanninmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma miyar taushe da faten yakuwa da dambun zogale sun yi aikin. A shekarun yunwa kuwa, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da 'Yar Buhu ta 1927, waɗanda Michael Watts ya bi diddiginsu bayan zamansa a Kaita a ƙarshen shekarun 1970, ganye ya tashi daga matsayin mahaɗi ya zama shi ne abincin, ana barbaɗa masa ɗan tsaki don a ce an ci hatsi.

Shekarar 1976

Hukumar mulkin mallaka da ta En'e ba su ɗauki garka da muhimmanci ba, sai ta fuskar tsafta. Duba-gari yana shiga gida ne neman kwantaccen ruwa da tsutsar sauro, matar da ta tara ruwa a gindin shuka kuwa tana iya shan tara. Makarantun elementare suna da lambun makaranta, amma abin da aka koyar a ciki layi ne da igiya da kayan lambun Turawa, ga 'yan maza mafi yawa. Makarantar 'yan mata da aka buɗe a Katsina a 1930 da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko 'yan kaɗan ta ɗauka.

Shekarar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce 1976. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da hauhawar kuɗin abinci da arzikin man fetur ya jawo, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa, ta yi kira ga kowane gida da makaranta da bariki su noma duk filin da ke kusa da su, kamar yadda Ingila ta yi wa mutanenta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aka raba iri da takin zamani da rahusa, aka tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka a lokacin dogon hutu. A watan Satumba na wannan shekara kuma aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. Watau da hannun dama hukuma ta ce a yi garka, da hannun hagu ta ɗauke masu ba ta ruwa daga safe zuwa azahar. Ba muna cewa kuskure ne a kai yara makaranta ba, mu da muke horar da malamai mu ne na ƙarshe da za su faɗi haka. Kuskuren shi ne masu tsara shirin farko sun ɗauka noman gida sabon abu ne da za a koya wa jama'a daga rediyo, suka nufi maigida ma'aikaci da fartanyarsa ta ranar Asabar, ba su tambayi matar da ta gaji abin daga uwarta ba. Shirin ya shuɗe, na Shugaba Shagari na 1980 ya biyo baya ya karkata ga manyan gonaki da madatsun ruwa.

Matsin fili da tsadar ruwa

Ƙidayar 1952 ta ba birnin Katsina mutum kimanin 53,000, ta 1963 kimanin 90,000. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 23 ga Satumba 1987 birnin ya zama hedkwata, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo, ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 300,000 a ƙaramar hukumar. Gonakin cikin ganuwa da Clapperton ya gani sun zama gidaje, ganuwar kanta ta zube a wurare da yawa, kududdufai an cike su an yi gini. A tsofaffin unguwanni rabon gado yana tsaga gida ɗaya ya zama uku ko huɗu, abin da ake fara sadaukarwa kuwa shi ne ƙuryar da zogale yake, domin a nan za a yi wa ango ɗaki. A sababbin unguwanni, bayan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, fuloti ya zama ƙafa 50 a 100 ko rabin haka, a gine shi kaf, a shafe tsakar gida da siminti don gudun taɓo. Siminti ba ya shan ruwan alwala.

Ruwa ma ya sauya hali. Madatsar Ajiwa da aka gina a tsakiyar shekarun 1970 domin birnin ta yi masa kaɗan da ya bunƙasa, rijiyoyin gida da yawa sun ƙafe ko sun gurɓata saboda kusanci da masai, gidaje masu yawa suka koma sayen ruwa a jarka daga 'yan garuwa. Ruwan da aka saya da kuɗi ba a yi masa sakaci, ko na biyun ma akan tara shi don wanke makewayi. Ga kuma sabulun garin wanki na zamani, wanda ruwansa ba ya yi wa shuka daɗi kamar na sabulun salo.

Lambu kuwa bai mutu ba, sauya ruwa ya yi. Injin ban-ruwa ya kori jigo, musamman daga shirin Fadama na farkon shekarun 1990. Masu lambun da ke bin rafin Ginzo ta wajejen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri sun dogara da ruwan kwatar birni da rani, domin ba ya yankewa, kuma yana ɗauke da taki. Waɗannan bayin Allah suna ciyar da birni, ba mu da bakin zarginsu. Amma masana kimiyyar ƙasa da ruwa sun sha auna wannan ruwa da ganyen da ake nomawa da shi, suna jan kunne game da burbushin dalma da makamantanta, da ƙwayoyin cuta a kan abin da ake ci ɗanye kamar latas. Ma'anar wannan ga tarihinmu ita ce, ruwan da a da yake tsayawa a gindin gwandar gida, mai shi ya san abin da ke cikinsa, yanzu yana fita ya gauraya da na gareji da na marina da na kasuwa, sa'an nan ya dawo gidan a cikin kwandon cefane, a kuma biya kuɗi.

Dogaro da kasuwa ya nuna aibinsa a 2016, sa'ad da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye tumatir a Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, farashi ya ninka sau da yawa cikin 'yan makonni. Gidan da ke da yakuwa da busasshiyar kuɓewa ya koma miyar kakanni, wanda ba shi da su ya ji jiki. Daga 2019 kuma hare-haren 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara sun hana noma a gonaki masu yawa, sun koro iyalai zuwa birni, mata da ƙananan yara mafi yawa, suka cunkushe a gidajen dangi da kangaye. Janye tallafin man fetur a 2023 ya ƙara tsadar komai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya riga ya nuna cewa wajen kashi 60 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar cikin wata shida na farkon shekarar saboda tamowa.

Zai zama wauta mu ce gindin zogale uku zai warware wannan. Tamowa tana da iyaye da yawa: talauci, rashin tsaro, ƙyanda, gudawa, zazzaɓin cizon sauro, haihuwa kusa da kusa. Garka ba ta ba da hatsi, ba ta ba da mai, ba ta maye gurbin asibiti. Iyakar abin da tarihi ya ba mu ikon faɗa shi ne, gidan birni ya taɓa mallakar wata 'yar kariya da ba ta bi ta kasuwa ba, tana hannun mutumin da ya fi kowa sanin abin da yaro ya ci, kuma wannan kariya ta zaizaye a daidai shekarun da aka fi bukatarta, ba tare da wani ya yanke shawarar kashe ta ba.

A 'yan shekarun nan an ga wani abu yana dawowa ta wata kama, shi ne noman buhu. Akan cika tsohon buhun siminti ko na taki da ƙasa da kashin awaki, a huda gefensa, a jingina shi da katanga a kan simintin nan da ya kori garka, a shuka alayyafo ko kuɓewa ko tattasai. Ƙungiyoyi da malaman gona suna yaɗa shi a matsayin sabuwar fasaha, da takardu masu hotuna. A gidajen da muka gani, buhunan suna jere ne a bakin wurin alwala da kusa da madafi, daidai inda tsofaffi suke dasa nasu, mai ba su ruwa kuma yaro ne da gwangwanin madara, sai dai yanzu da yamma yake yi, bayan ya dawo daga boko, kafin ya ɗauki jakar Islamiyya.